Sabulun ruwa na gida da tara abinci a firiza: da gaske ana rage kashe kuɗi?

Maman_Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya biyu na kawo, ina neman amsar waɗanda suka san kan abin. Na farko, haɗa sabulun wanke-wanke a gida: mene ne ma'aunin da ya dace na lita 20, kuma me ke sa wani ya tsinke ko ya rabu biyu bayan kwana uku? Na biyu, dafa abinci da yawa a zuba a firiza: wane ne yake jure daskarewa, wane ne yake lalacewa? Sannan da irin wutar da ake samu yanzu, idan aka lissafa komai, akwai riba kuwa ko wahala ce kawai?

Ummu_Sultan: Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki na sabulun. Na lita 20 ga kayan: naitirosol giram 125, kostik soda giram 60, soda ash giram 250, salfonik asid lita 1, teksafon giram 250, SLS (garin da ke sa kumfa ya cire maiƙo) giram 125, STPP (garin da ke rage nauyin ruwa) giram 125, sai mai ƙara kumfa rubu'in lita, kala da turare daidai son rai.

Tun da daddare ki jiƙa kostik a ruwa lita 1, soda ash a lita 2, kowanne a robarsa. Da safe ki narkar da SLS a lita 1, STPP ma a lita 1. Sai ki zuba ruwa lita 13 a babban bokiti, ki riƙa barbaɗa naitirosol kaɗan-kaɗan kina juyawa da muciya har ya zama kamar ruwan koko marar kauri. Ki zuba ruwan kostik, nan take za ki ji muciyar ta fara nauyi. Sai soda ash, sai STPP, sai SLS, kowanne ki juya kamar minti biyar kafin na gaba. A wata roba daban ki cakuɗa salfonik da teksafon sosai har teksafon ɗin ya daina nuna kansa, sannan ki tsiyaya a hankali cikin bokitin. Kala ki narkar da ita a ɗan ruwa tukuna. Ki rufe ki bar shi ya kwana, kumfar ta kwanta, washegari ki ɗura a jarka.

Bokitin ya zama mai cin lita 30 ko fiye, domin lokacin da salfonik ya haɗu da soda ash kumfa tana tasowa sama.

Abban_Khalil: Hajiya Ummu_Sultan, tsarin ya yi daidai, amma akwai abin da ya kamata a faɗa da babbar murya. Kostik ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan kostik. Da ya shiga ruwa zafi yake yi sosai, in aka juya tsarin yana iya fantsama a fuska. Kuma kada a kuskura a jiƙa shi a tukunyar alminiyam ko a juya da ludayin alminiyam, yana cin ƙarfen yana fitar da iska mai kama wuta. Roba mai kauri da muciyar katako. Safar hannu ta roba, a waje ko inda iska ke shiga, yara kuma a kore su nesa. Ruwan kostik da aka jiƙa ba shi da kala ba shi da wari, ido ba ya bambanta shi da ruwan sha, shi ya sa ba a barinsa ya kwana a ƙasa inda hannun yaro zai kai. A rufe, a ɗora sama, a kulle ɗakin. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na tsawon minti 15 zuwa 20, na ido kuma a wuce asibiti.

Maman_Haidar: Allah ya saka da alheri. To rabuwar fa? Wanda sama ruwa ƙasa kauri?

Ummu_Sultan: Yawanci abu uku ne. Ko an juye naitirosol gaba ɗaya lokaci guda ya yi gudaji bai narke ba, ko an yi gaggawar zuba kaya ɗaya bayan ɗaya ba a juya sosai ba, ko ruwan ne. Ruwan wasu rijiyoyi da bohol yana da nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a ciki kuma yake barin farin datti a gindin buta. Irin wannan yana kashe kumfa yana sa sabulu ya yi gajimare. A nemi ruwan famfo ko ruwan sama da aka tace. In kuma antisol aka samu maimakon naitirosol, shi sai an jiƙa shi ya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar haɗi, ba ya narkewa nan take.

Malam_Kemist: Ina da gyara a kan ma'aunin soda ash. Salfonik asid ne, aikin kostik da soda ash shi ne su kashe kaifinsa. Lita 1 na salfonik, in kostik kaɗai za a sa, kusan giram 125 yake buƙata. A tsarin da aka bayar an sa giram 60, wato an kashe kusan rabi, sauran rabin soda ash giram 170 zuwa 200 ya ishe shi. Giram 250 ba haɗari ba ne, na wankin kaya da goge tayil ma ya fi cire datti, amma na wanke kwanuka da hannu kullum zai riƙa busar da fata. Babban kuskuren da ake yi shi ne a sa kostik giram 125 cikakke sannan a ƙara soda ash 250 a kai. Wannan shi ne sabulun da ke sa tafin hannu ya yi santsi yana ƙaiƙayi, daga baya ya sale.

Akwai takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin asid ko na kostik, a wurin masu sayar da kemikal ɗin, ba ta da tsada. A tsoma bayan sabulun ya kwana. Tsakanin 7 da 9 ake so. In ya haura 10, a ƙara salfonik cokali biyu-biyu ana juyawa ana sake gwadawa. In ya yi ƙasa da 6, a ƙara ruwan soda ash kaɗan.

Zee_Kitchen: Ba a ambaci fomalin ba. Masu koyarwa da yawa suna cewa a sa murfi ɗaya don kada ya yi wari.

Malam_Kemist: A bar fomalin, Anti Zee. Hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin masu jawo kansa, kuma wannan sabulu ne da za a wanke kwanon da yara ke cin abinci. Wasu suna cewa a maye gurbinsa da sodiyam benzowet, amma shi a abu mai tsami yake aiki, kamar lemo, a sabulu mai pH 8 ko 9 kusan ba ya tsinana komai. Ga na gida, a yi wanda za a cinye cikin wata biyu zuwa uku, da ruwa mai tsabta, a jarka wankakkiya mai murfi, kada a riƙa tsoma soso a cikin babbar jarkar. In lita 20 ya yi wa gida yawa, a raba ma'aunin biyu a yi lita 10, ko a haɗa kuɗi da maƙwabciya a raba.

Inna_Ta_Gidan_Sarki: Ku kuma ku tuna ba na wanka ba ne. Wasu suna ganin ya yi kumfa da ƙamshi sai su ba yara su yi wanka da shi. Na jiki a nemi sabulun salo.

Hadiza_Maradi: Sannunku da aiki. Mu a nan Nijar abin da kuke ce wa bilic, jabel muke kiransa. Shi ma ana haɗawa a gida ne? Domin shi ne ya fi tafiya a gida mai yara.

Abban_Khalil: Ana yi, amma ni shawarata ba sai an shiga dogon haɗi ba. In kin sami garin kulorin na masu tace ruwa, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, cokalin cin abinci ɗaya a shafe a ruwa lita 2 yana ba ki ƙarfin kashi 0.5, wanda shi ne na wanke masai da wurin da jini ko amai ya zuba. Ki bar farin garin ya kwanta ki tsiyaye na sama. A haɗa na yini ɗaya kawai, domin ƙarfinsa yana guduwa, musamman a rana da zafi. In kuma na kwalba ne, ki duba abin da aka rubuta a jiki. Mai kashi 3.5, kofi ɗaya a ruwa kofi shida ya zama 0.5. Yawancin mutane zallarsa suke kwararawa, to nan kuɗin yake tafiya.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, ko ruwan batir, ko khal. Iskar kulorin ce ke tashi, a banɗaki rufaffe tana shaƙe mutum. Kowanne a ranarsa, a ɗauraye sosai a tsakani.

Baban_Yara_Kaduna: Ni ban gamsu da maganar riba ba tukuna. Sai an sayi bokiti, jarka, safar hannu, sikeli, ga kuɗin mota zuwa kasuwar kemikal. Wa ya taɓa zama ya lissafa?

Ummu_Sultan: Lissafin ba wuya, Malam. Ka haɗa kuɗin kemikal da na mota, ka raba da 20, ka sami kuɗin lita ɗaya, ka kwatanta da lita ɗaya na shago. Bokiti da sikeli sau ɗaya ake saya, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma a yi adalci a kwatancen: na kamfani da yawa ya fi na gida ƙarfi, ɗigo kaɗan yake wanke abin da na gida sai an zuba cokali. Gwajin gaskiya shi ne a ga kwana nawa lita ɗaya na kowanne yake yi a gida ɗaya. Kuma kauri ba shi ne ƙarfi ba. Naitirosol kauri kawai yake bayarwa, ba ya wanke komai. Masu cire maiƙo su ne salfonik da teksafon da SLS. Wanda ya ninka ruwa ya ƙara naitirosol ya sami sabulu mai kyan gani marar aiki.

Zee_Kitchen: Wanda zai sayar kuma ya sani sai da rajistar NAFDAC. Na gida daban, na kasuwa daban.

Hajiya_Mai_Girki: To bari mu dawo kicin, domin a ganina nan babban kuɗin yake, ba a sabulu ba. Tumatir shi ne kan gaba. Daga Janairu zuwa Maris kayan noman rani na Kadawa da Kura da Garun Malam suna cika kasuwa, kwando ya yi araha. Da an shiga Mayu zuwa Yuli kuma kowa ya san yadda farashi ke tashi. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, ya san abin da nake nufi. Wanda ya tanada a lokacin araha shi ke cin riba.

A zaɓi mai tauri wanda ya nuna sosai, a ware duk mai tabo ko wanda ya fashe. A wanke, a markaɗa da tattasai da attaruhu da albasa, a zuba a faffaɗar tukunya a tafasa ba murfi har ruwan ya ƙone, ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, in kin ja ludayi a tsakiya ki ga gindin tukunyar kafin ya haɗe. Wannan ƙonewar ruwan ita ce sirrin: wuri kaɗan zai ci a firiza, kuma ranar girki minti goma ya soyu, gas ya huta. A raba shi gwargwadon miyar rana ɗaya, kada a zuba a babbar roba guda, domin in kika narkar da babba don ki ɗebi kaɗan, sauran ya shiga hatsari. Ki zuba a leda mai kauri, ki matse iskar, ki kwantar da ita ta baje kaurin yatsu biyu. Bajajjiya ta fi saurin daskarewa da saurin narkewa, kuma ana jera su kamar littattafai. Ki rubuta kwanan wata da alƙalamin maka a jiki.

Maman_Haidar: Da zafinsa ake sawa ko sai ya huce?

Hajiya_Mai_Girki: Ba da zafi ba, zai narkar da na kusa da shi ya wahalar da injin. Amma kuma ba a barinsa ya kwana a tukunya wai yana hucewa. Ki juye a farantai masu faɗi, ko ki tsoma gindin tukunyar a baho mai ruwan sanyi kina juyawa kina canza ruwan. Cikin awa biyu ya kamata ya shiga firiza. A zafin Maris da Afrilu ma awa ɗaya ya fi.

Nas_Rukayya: Ina goyon bayan maganar awa biyun nan, musamman a kan shinkafa. Akwai wata ƙwayar cuta a shinkafa da dafuwa ba ta kashe ƙwanta. In dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ɗumi, sai ta farka ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Shi ne za ka ga an ɗumama shinkafa ta yi zafi zau amma gida kowa yana amai. Jalof da dafa-duka suna daskarewa lafiya, sharaɗin a baza su a tire su huce da wuri a sa a firiza. Ɗumame sau ɗaya, har tururi ya fito daga tsakiya. Miya kuma sai ta tafasa, ba ɗumi kawai ba.

Inna_Ta_Gidan_Sarki: Duk wannan magana ta masu wuta ce. Unguwar da ake kwana uku ba a ga ƙyallinta ba fa? Garin neman ƙiba a samo rama, a zuba naman kuɗi masu yawa a wayi gari yana wari. Kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, garin ɗanwake, garin kunu, yaji, dambun nama, duk ba mai neman wuta a cikinsu. Dambun da aka soya ya bushe sosai yana yin makonni a kwano mai murfi. Tumatir a yanka shi biyu ko huɗu, a barbaɗa ɗan gishiri, a shanya lokacin hunturu, cikin kwanaki ya bushe ƙarau.

Nas_Rukayya: Gaskiya ne Inna. Sai dai shanyar a ɗaga ta sama, a kan tebur ko gado, a rufe da raga, a kwashe da yamma. Wanda ake bazawa a ƙasa ko gefen titi ɓera yana bi ta kai, kuma ta fitsarinsa da kashinsa zazzaɓin Lassa ke shiga abinci. Lokacin shanyar ma shi ne lokacin da cutar ta fi yawa.

Injiniya_Sadi: Inna ta taɓo inda ya dace. Bari in ba da lissafin firiza don kowa ya auna unguwarsa. Firiza da ta cika maƙil kuma komai ya daskare, in aka ɗauke wuta ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48. Mai rabi kusan awa 24. Firji kuwa awa 4 ne kacal. A zafin bazara a rage wani abu daga wannan lissafin. Saboda haka wurin da babu kaya a cike shi da gorunan ruwa su zama ƙanƙara, a bar ɗan fili a wuyan gorar domin ruwa yana kumbura in ya daskare. In aka narkar da gishiri giram 100 a kowace lita ma ya fi, domin ruwan gishiri yana narkewa ne a ƙasa da sifili, yana riƙe naman a daskare maimakon sanyi kawai. A rubuta a jikinsu kada wani ya sha.

Mai buɗewa ta sama ta fi mai ƙofa riƙe sanyi, saboda iska mai sanyi ƙasa take kwanciya, da an buɗe mai ƙofa sai ta zubo waje. A ajiye ta inda rana ba ta bugu, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango. A gwada robar murfin da takarda: a danne ta da murfi a ja, in ta zare ba wuya robar ta saki, sanyi yana tsiyaya. Ƙanƙarar jikin bango in ta kai kaurin yatsa a kashe a bari ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa, bututun gas yana nan a bayan bangon, huda ɗaya ta gama da firizar. In wuta ta ɗauke ta dawo nan take, a jira minti biyar kafin a kunna, kuma wuta marar ƙarfi ita ce ta fi ƙona kwamfireso, a sa mata sitabilaiza.

Baban_Yara_Kaduna: Kuɗin wutar fa, Injiniya?

Injiniya_Sadi: Matsakaiciya mai lita 200 tana cin kamar yunit ɗaya zuwa ɗaya da rabi a rana, ya danganta da tsufanta da zafin ɗakin, wato yunit 30 zuwa 45 a wata. A farashin da aka sa wa 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit, ya kama 6,750 zuwa 10,125 a wata. Farashin ya ɗan motsa daga baya, kuma sauran rukunan ba su kai haka ba, kowa ya duba takardarsa ya ninka. In abin da ka rage a tumatir da nama da gas bai wuce wannan ba, ba ka ci riba ba. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kunna shi don firiza kaɗai yana cinye ribar gaba ɗaya.

Maman_Haidar: To in wuta ta daɗe, yaya ake gane wanda za a ci da wanda za a zubar?

Nas_Rukayya: Ki taɓa ki gani. Wanda har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ko tsakiyarsa da tauri, ana iya mayar da shi ya sake daskarewa, ɗanɗano ne kawai zai ragu. Wanda ya narke duka amma yana da sanyin firji, a dafa shi a ranar a cinye. Nama, kifi, kaza ko miya da suka narke har suka yi ɗumi na fiye da awa biyu, a zubar, ko ba wari. Hanci ba ya jin duk wata guba. Dabarar ganewa in an yi tafiya: a daskarar da ruwa a kofi, a ɗora tsabar kuɗi ko murfin kwalba na ƙarfe a kai. In an dawo aka same shi a gindin kofin, firizar ta narke ta sake daskarewa a bayanki.

Zee_Kitchen: Ga masu ƙarancin wuta akwai tumatir na kwalba. A dafa, a zuba a kwalbar mayonis, a rufe, a sake dafa kwalaben a ruwa. Yana shekara a kan kantar kicin.

Malam_Kemist: Yana yi, amma da sharuɗɗa, kuma nan ne na fi jin tsoro. Abin da ke tsare tumatir a kwalba tsaminsa ne. Akwai ƙwayar cuta mai rayuwa inda babu iska, tafasasshen ruwa ba ya kashe ƙwanta, tsami ne ke hana ta tashi, gubarta kuma tana shanye jiki har numfashi. Don haka na kwalba tumatir zalla ake yi. Albasa, tattasai, attaruhu da tafarnuwa ba su da tsami, in aka markaɗa su ciki da yawa sun raunana kariyar, su a bar su sai ranar girki. Haɗin da Hajiya_Mai_Girki ta bayar na firiza ne, ba na kwalba ba. Sannan kada a sa kanwa ko bekin soda wai don a kashe tsami, wannan cire mai gadi ne daga bakin ƙofa. A maimakon haka a ƙara ruwan lemon tsami cokali biyu na cin abinci a kowace lita.

A tafasa kwalaben da murafunsu, a zuba tumatirin da zafinsa, a bar filin yatsa ɗaya a sama, a goge bakin, a ɗaure. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera, ruwa ya shanye kansu da yatsu biyu. Kwalba mai lita ɗaya minti 45 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa a ƙasar da ke daidai da teku. A Kano da Kaduna a kai 50, a Jos 55, domin a tudu ruwa yana tafasa kafin ya kai cikakken zafi. Bayan ta huce tsakiyar murfin ya lotsa ciki. Wadda murfinta ya kumbura, ko ta yi tsartuwa da aka buɗe, ko kumfa a sama, a zubar ba ɗanɗanawa.

Hajiya_Mai_Girki: Madalla da wannan gyaran. Komawa tambayar Maman_Haidar ta wane ne ke jurewa: miyar agushi, miyar ja, farfesu, dafaffen wake, romon nama, duk suna wata biyu zuwa uku lafiya. Miyar kuka kuwa kada ki daskarar da ita a kaɗe, yauƙinta yana tsinkewa. Ki ajiye romon da daddawarsa da kayan ƙamshinsa, ranar ci ki tafasa ki kaɗa kuka, minti biyar ne. Taushe ma haka: ki dafa kabewa ki dame ta ki ajiye da romo, alayyafo da yakuwa sai ranar. In ganyen ne ya yi araha, ki tsoma shi a tafasasshen ruwa minti biyu, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi, ki matse ki dunƙula ki sa a leda. In ba a yi wannan tsomawar ba yana baƙi ya canza ɗanɗano.

Waɗanda ba sa so: dafaffen dankalin turawa yana zama gari-gari mai ruwa, farin dafaffen ƙwai yana zama kamar roba, latas da kokwamba su yi laushi su zubar da ruwa, duk abin da aka sa wa mayonis ya rabu. Tuwo yana tsattsagewa yana fitar da ruwa, in dole ne a turara shi a madambaci, ya fi a ɗumama a ruwa.

Maman_Twins_Zariya: Waken ƙosai ba a faɗa ba, kuma shi ne ceton azumi. A surfa mudu biyu ko uku lokaci guda, a wanke a cire dusa, a tsane a kwando, a raba a leda gwargwadon kwano ɗaya na buɗa-baki. Ya fi a ajiye ƙullu, domin ƙullun da ya daskare ya narke ba ya tashi kamar sabo, ƙosan sai ya yi nauyi ya sha mai. Na alale ba damuwa. Samosa kuma a jera ɗanye a tire ba sa taɓa juna, in sun yi tauri a kwashe a leda. Daga firiza kai tsaye cikin mai matsakaicin zafi, in aka bari suka narke fatar tana jiƙewa ta fashe.

Injiniya_Sadi: Tunda an zo kan wake, busasshensa ma in ya yi mako ɗaya a firiza cikin leda ɗaurarriya, ƙwarin da ƙwansu sun mutu. A fito da shi a bari ya huce a cikin ledar kafin a buɗe, kada raɓa ta jiƙa shi, sai a ɗura a jarka busasshiya a cika ta har wuya a toshe. Ba buƙatar zuba maganin ƙwari a abin da za a ci.

Baban_Yara_Kaduna: Na ji bayanin kowa. Na sabulu na yarda a gwada lita 10. Na firiza dai har yanzu ina tare da Inna, unguwar da ba ta samun wutar awa takwas a rana kauɗa da kwalba sun fi mata.

Hadiza_Maradi: Malam_Kemist, lemon tsamin da ka ce, in ƙanana ne irin na kasuwarmu masu ruwa kaɗan, cokali biyun dai za a auna ko a ƙara?

Malam_Kemist: Ruwan ake aunawa, ba yawan lemon ba. Ki matse ki tace 'ya'yan ki cika cokali biyu a kowace lita, kwalba mai rabin lita cokali ɗaya. Tsamin ɗanyen lemo yana bambanta daga wani zuwa wani, saboda haka in kin ƙara rabin cokali ba laifi, ragewa ce ba a so. In akwai garin sitirik asid a wurin masu kayan kek, rabin ƙaramin cokali a lita ya fi tabbas. Ki zuba shi a gindin kwalbar kafin tumatirin.